Sunan Da Aka Cire Don Tausayi

Ranar Laraba aka manna takardar a allon da ke bakin ɗakin ɗinki. Na tsaya a gabanta da 'yata a baya, na bi ta da yatsa daga sama har ƙasa, sau biyu. Karatuna bai wuce firamare ba, amma sunana ko a juye aka rubuta shi zan gane shi. Ba ya inda ya kamata. A wurin da aka rubuta wadda kamfani zai tura kwas ɗin gyaran keken ɗinki, sunan wata yarinya ne daga layi na biyu, wadda muke kira 'Yar Sakandare. Nawa yana can ƙasa. An mayar da ni sashen maɓalli, kusa da ɗakin raino, kuma daga ranar Litinin zan riƙa tashi ƙarfe uku maimakon biyar.

Matan layinmu suka taru a kaina suna yi min barka.

"Kin haye," in ji ɗaya. "Maɓalli ai hutu ne, ba aiki ba."

"Ƙarfe uku fa. Ni rabon da in ga gidana da rana har na manta kalar bangon."

Na ce musu na gode. Kunnuwana sun yi zafi kamar an ɗora musu dutsen guga.

Rediyo ce kaɗai ba ta yi min barka ba. Shekara uku kekenta yana kusa da nawa. Muna ce mata Rediyo ne don tun daga bakin get take kunna labari, ba ta kashewa sai an tashi. Ta kama hannuna ta ja ni bayan tulin yadi.

"Bari in je in sami Anti. Minti biyu ya ishe ni."

"A'a."

"To ke za ki je ki yi mata me? Ki gaida takalminta ki dawo?"

"Na ce a'a."

Ta saki hannuna ta dube ni. "Lallai. Yau Bebiya har da kalma uku a jere."

Anti ita ce shugabar sashen ma'aikata, kuma ita ke riƙe da kwamitin ciyar da mata gaba a kamfaninmu. Ba muguwa ba ce, kuma wannan ne ya fi ci min rai. Shekara biyu ta yi tana faɗa da masu kamfani kafin su ba mu ɗakin raino. Kafin nan, mace ta haihu ta bar aiki ke nan. Duk wadda ke shiga ɗakin nan ƙarfe goma da ƙarfe ɗaya ta ba ɗanta nono ta san albarkacin wa take ci. Ni ma na sani.

Kayan makaranta da kayan ma'aikata muke ɗinkawa. Keke arba'in ne a ɗakin, makaniki kuma ɗaya, tsoho, idonsa ya fara gajiya. Idan kekenki ya tsaya sai ki ɗaga hannu ki jira, wani lokaci har awa guda. Wata rana na gaji da jira, na kwantar da kan kekena na leƙa ƙasansa. Gashin yadi ne ya cushe ƙoshiya, wato ɗan ƙarfen da ke ɗauko zaren ƙasa. Na share, na ɗiga mai, ya tashi. Daga nan na fara sauraronsu. Keke kafin ya lalace yakan faɗa, muryarsa ce ke canzawa. Ina zaune a kan nawa zan ji na Rediyo ya fara tari, in ce mata ta canza allura kafin ta karye.

Ranar da Baba Makaniki ya kama ni da hannu a cikin keken wata, na ɗauka kora ta zo.

"Wa ya ba ki izinin taɓa min majinyaci?"

Na janye hannuna. Ya zauna ya taka keken, ya karkata kai yana saurare. Sai ya miƙe ya ce, "Hannunki ya fi bakinki amfani. Gobe ki zo da wuri."

Shekara ɗaya da rabi ina zuwa da wuri. Da aka ce kamfani zai tura mace ɗaya kwas, wadda in ta dawo za ta zama mataimakiyarsa, ta gaje shi idan ya ajiye aiki a ƙarshen shekara, shi ya kai sunana. Wata biyu ke nan da Anti ta kira ni ta tambaya, "Za ki iya kuwa, ga goyo?" Na kalli ƙasa na ce, "Zan gwada, in Allah ya so." Ta rubuta sunana ina kallo.

Sati shida ne kwas ɗin, a wurin masu sayar wa kamfani kekunan, can ɗaya ƙarshen gari, mota biyu. Bakwai na safe zuwa huɗu. Ba a shiga da yaro. Don haka muka zauna da maigidana muka tsara komai. A gidan mai yake aiki. Ya roƙi a mayar da shi dutin yamma daga ranar da zan fara, don ya riƙe 'yarmu da safe, har an ba wani gurbinsa. Surukata ta yarda za ta karɓe ta daga azahar, duk da ciwon gwiwarta.

Saura abu ɗaya, kuma wannan babu mai yi min. 'Yata shekararta ɗaya da wata biyu, ba ta san komai ba sai nono. Na yaye ta. Kwana biyar tana kuka har muryarta ta dushe, tana jan rigata, ina juya mata baya. Ƙirjina ya kumbura ya yi tauri kamar dutse, na ɗaure shi da zane, ina taka keke nono yana jiƙa min riga, Rediyo tana miƙo min ƙyallen yadi ta ƙarƙashin tebur. Ban daina kawo ta ɗakin raino ba, ban daina shiga ƙarfe goma da ƙarfe ɗaya ba, sai dai yanzu da cokali da kofi nake shiga. A rana ta shida ta karɓi madara. Tun daga ranar ba ta ƙara miƙo min hannu in ɗauke ta ba idan babanta yana wurin.

A ranar Larabar nan, da aka tashi hutun rana, na tafi ofishin Anti. A hanya na shirya maganata tsaf, na maimaita ta sau uku.

"Shigo, 'yata, shigo. Dama ina nemanki."

Ta zaunar da ni a kujera mai laushi, irin wadda mutum ke nutsewa a ciki har gwiwarsa ta fi cibiyarsa tsawo. Ta buɗe min lemo mai sanyi. A kan teburinta akwai hoton ɗanta da hular gama makaranta.

"Kin ga takardar? Kada ki gode min, aikina ne." Ta cire tabarau ta ajiye. "Tun ranar da na tambaye ki nake tunaninki. Na ga yadda kika sunkuyar da kai. Ni uwa ce, na san abin da wannan ke nufi. Tsohon nan ne ya matsa miki, ke kuma ba ki iya cewa a'a ba."

Na buɗe baki.

"Bari in gaya miki wani abu," ta ce, ta juyo da hoton wajena. "Watansa takwas aka tura ni kwas. Ba wanda ya tausaya min. Na dawo na miƙa masa hannu, ya ɓuya a bayan mai aiki. Har yau, ga shi da gemu, idan yana da damuwa ba ni yake fara kira ba. Na yi rantsuwa ba za a yi wa wata haka ina kan kujerar nan ba. Ki zauna kusa da 'yarki, ki shayar da ita a natse har ta shekara biyu. Kwas ba gudu zai yi ba."

Idonta ya kawo ruwa. Maganar da na shirya ta ƙi fitowa. Ta yaya zan ce wa mace tana share hawaye a gabana ta cuce ni? Lemon yana hannuna yana zufa, ko kurɓa ban yi ba.

"Af, kafin in manta. Ranar Juma'a mai hoto zai zo ɗakin raino, za a sa a littafin kamfani na bana. Ke nake so. Ki yi wa yarinyar kwalliya."

Na miƙe da ƙyar daga kujerar. Na ji bakina yana cewa, "Na gode, Anti."

Har na isa kekena ina jin ƙyamar muryata.

Da yamma na tarar da maigidana a tsakar gida yana wanke rigar aikinsa. Yarinyar tana ganinsa ta fara zillo a bayana. Shugaba yake ce mata, wai don ita ke mulkin gidan.

"Shugaba ta dawo. Injiniya ta dawo. Ni kaɗai ne talaka a gidan nan." Ya share hannu ya karɓe ta, sannan ya kalli fuskata. "Me ya faru?"

Na faɗa masa. Ya zauna a kan bokitin da ya kife.

"Kin gaya mata kin yaye ta?"

"A'a."

"Kin gaya mata na bar dutin safe?"

"A'a."

"To me kika gaya mata?"

"Na gode."

Ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta daɗi ba. "Shi ke nan. Gobe zan nemi izini in je in same ta da kaina."

"Ba za ka je ba."

"Ai ke ba za ki iya ba. Ba laifinki ba ne, haka Allah ya yi ki."

Ban san lokacin da na yi jifa da jakata ba. Kofin yarinyar ya fito ya gangara har bakin rariya.

"Kai za ka je, Rediyo za ta je, Baba Makaniki zai je. Ku taru ku zauna da ita ku yanke yadda za a yi da ni, ni kuma in jira a allo in karanta. Haka aka yi aka cire sunan ai. Kowa ya san abin da nake so ban da a tambaye ni."

Tunda muka yi aure bai taɓa jin muryata ta kai haka ba. Yarinyar ta cusa fuska a wuyansa. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta koma.

"To ni me na yi?" ya ce a hankali.

Bai yi komai ba. Shi ne dai kawai wanda zan iya yi wa faɗa. Wannan ma ya ƙara min haushi. Na ɗauki kofin na shiga ɗaki.

Ranar Alhamis ban yi wa kowa magana ba. Na ɗinka wuyan riga har yatsuna suka yi tsami. Wajen ƙarfe sha ɗaya Baba Makaniki ya zo ya durƙusa kusa da kekena, yana yi kamar yana duba bel ɗin da lafiyarsa ƙalau.

"Tun jiya da safe na je na same ta," ya ce, bai ɗago ba. "Ta ce mu maza ba mu san zafin goyo ba. To me zan ce? Ban taɓa goyo ba." Ya miƙe yana dafa ƙugu. "Waccan da suka ba ni, na ce ta miƙo min sukudireba, ta miƙo min almakashi."

Na ci gaba da ɗinki. Wato har an yi wani zaman a kaina, ina nan a bayan bango ɗaya.

Ranar Juma'a na sa wa yarinyar rigarta mai ruwan ɗorawa. Ban san me ya sa na yi ba. An ce in yi, na yi.

An gyara ɗakin raino har ban gane shi ba. Sabbin tabarmi, balan-balan a bango, wata kujera mai hannu da aka ɗauko daga ofis. Mai raino tana tsaye a gefe da sauran yaran. Matan layinmu sun cika ƙofa suna leƙe, Rediyo a gaba. Mai hoton wani dogo ne, yana ta taunar cingam.

"Zauna nan, madam. Ɗora ta a cinya. A'a, kwantar da ita, kamar kina ba ta. Sai ki ja mayafi ki rufe, ba abin da zai fito."

Na kwantar da ita a hannuna na hagu. Sati uku rabon da in riƙe ta haka. Ta yi tsit, ta kalle ni. Sai ta juya kanta wajen ƙirjina ta buɗe baki, hannunta ya kama wuyan rigata ya fara ja. Da ta ji babu hanya sai ta saki kukan nan, shi dai wancan na kwana biyar, wanda na ɗauka mun gama da shi.

"Ba ta mana," in ji Anti tana murmushi. "Ai shi muke so. Kada ki ji kunya, duk mu mata ne, shi kuma zai juya baya."

"Babu."

"Na'am?"

"Babu nono. Na yaye ta. Sati uku ke nan."

Mai hoton ya daina tauna. Na miƙe na ɗora yarinyar a kafaɗa, tana dukan bayana da ƙafa. Sai maganar ta fito.

"Saboda kwas ɗin na yaye ta. Babanta ya bar dutin safe, an ba wani. Kakarta ta yarda za ta riƙe ta da gwiwa ɗaya. Mun gama komai, Anti. Abin da kike tsoron a yi min, na riga na yi shi da hannuna, na sha wuyarsa na gama. Saura in je in koyo abin da na sha wuyar dominsa, sai kika cire sunana."

Anti ta kalli mai raino. Mai raino ta gyaɗa kai, ta sunkuya tana gyara wa wani yaro wando.

"To me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Kin tambaye ni sau ɗaya, na ce zan gwada. Da kika canza ba ki tambaye ni ba."

"Kin sunkuyar da kai."

"Kullum kaina a sunkuye yake. Ko albashi za a ba ni a sunkuye nake karɓa, ba a taɓa cewa ba na so ba."

Wata ta yi dariya a bakin ƙofa, Rediyo ta zungure ta.

Fuskar Anti ta canza. Ta ce wa mai hoto ya jira a waje, ta ce wa matan su koma bakin aiki. Ba wadda ta motsa sai da ta maimaita.

"Don ke na yi," ta ce da muka rage mu da yaran. "Duk abin da nake yi a kamfanin nan don ku nake yi."

"Na sani."

"Na riga na aika sunan waccan. Ba zan iya cire sunan mutum haka kawai ba."

"Kin cire nawa."

Yarinyar ta gaji da kuka, ta koma ajiyar zuciya a wuyana. Mai raino ta miƙo min kofin madara, na zauna a tabarma na fara ba ta. Ban kalli Anti ba. A da kunya ke hana ni kallonta, yau kuwa ba na son ganinta ne.

"A kira min wadda na sa sunanta," Anti ta ce wa mai raino.

A raina na ɗauka an gama. Kowa ya san 'Yar Sakandare ba ta son mai ya taɓa mata farce. Ta shigo da zare a jikin rigarta, ta tsaya tana kallonmu. Anti ta yi mata bayani a taƙaice, ta ce ko za ta haƙura ta bar min, a tura ta wani karon.

'Yar Sakandare ta daɗe tana murza gefen mayafinta.

"Ni ma ba a tambaye ni ba, Anti. A allo na gani." Ta saki mayafin. "Amma yanzu ina so. Na faɗa wa babana, shi kuma ya faɗa wa duk wanda ya gaishe shi. Shekara biyu ina ɗinka aljihu. Aljihu kawai. Ko a mafarki aljihu nake gani." Ta juyo wajena. "Yaya, ki yi haƙuri. Na san kin fi ni iyawa. Amma ba zan bari ba."

Na so in ji haushinta, na nema ban samu ba. Ta faɗi abin da take so a karo ɗaya, tana kallon idon mutane. Duk haushin ya koma inda ya fito.

Anti ta sallame ta. Ta ɗauki wayarta ta fita baranda, ta bar ƙofa a buɗe. Na ji tana gaisuwa, na ji tana roƙo, daga baya na ji muryar da ta samo mana ɗakin raino da ita. "Keke arba'in muka saya a wurinku. Arba'in. Kada ka ce min babu wuri." Aka daɗe. Ta yi shiru tana saurare, ta ce, "Riƙe, ina zuwa."

Ta dawo ta tsaya a kaina, ta dafe wayar a ƙirji.

"Sun ce mutum sha biyu ne, benci sha biyu, akwatin kayan aiki sha biyu. Za su bar ki ki shiga, amma ba benci, ba akwati, sai dai ki raɓa da wani. Satifiket kuma sai mai wurin ya dawo daga tafiya ya ga ko zai bari ki zauna jarrabawa. Ba su yi alkawari ba. Ni ma ba zan yi miki alkawarin kujerar tsohon nan ba, tunda ku biyu ne yanzu. Sati shida a tsaye, mai yiwuwa a banza. Ni a ganina..."

Ta tsaya. Na ga ta cije leɓe.

"Me kike so?"

"Zan je."

Ta mayar da wayar kunne ta ba su sunana, harafi bayan harafi. Da ta kashe sai ta tsaya tana kallon balan-balan ɗin bango.

"Ki yi haƙuri, 'yata," ta ce.

Na san amsar da ake bayarwa. Tun ina ƙarama nake bayar da ita, ko an taka ni ne. Ba komai. Tana jira, mai raino ma tana jira. Na goge wa yarinyar baki da gefen zanena, na miƙa ta ga mai raino, na ce zan koma bakin aiki.

Rediyo ta matso da kujerarta tun kafin in zauna.

"Ashe Bebiya tashar kanta gare ta. A wace lamba ake kama ki?"

"Ki canza allurarki," na ce. "Ta lanƙwashe."

Ranar Litinin, ranar fara kwas, na fita gari bai gama wayewa ba. Yarinyar tana barci a ƙirjin babanta, ban tashe su ba. Motar farko ta cika, na tsaya a ƙafa ɗaya. Ta biyu ta lalace a hanya, na ƙarasa da gudu.

Wurin wani dogon ɗaki ne mai rufin kwano, yana warin mai da sabon ƙarfe. Maza sha ɗaya a kan benci, kowa da kan keke a gabansa da akwati ja. 'Yar Sakandare tana can ƙarshe ita kaɗai, ta sa sabuwar rigar aiki da ta yi mata yawa. Malamin ya ɗago daga takardarsa ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Ke ce ta sha ukun? An gaya miki babu wuri ko?"

"An gaya min."

"To ki nemi inda ba za ki tare wa mutane haske ba."

Wasu suka yi dariya. Na bi ta tsakaninsu har ƙarshen ɗakin. 'Yar Sakandare ta baje kayan akwatinta a kan bencin gaba ɗaya, sifana nan, sukudireba can, tana kallonsu kamar za su cije ta. Ta ɗago ta gan ni, ba ta san ko ta gaishe ni ba.

Na ajiye jakata a ƙasa, na naɗe hannun riga.

"Matsa," na ce mata. "Ki kwantar da kan keken, in nuna miki inda ake fara dubawa."